Ɗalibin ajin ƙarshe a ƙaramar tawagar wasa a Amurka: abin da ya kamata ku sani

A makarantun sakandaren Amurka, duk farkon kakar wasa akan yi gwaji, sannan koci ya fitar da sunayen waɗanda ya ɗauka. Cikin masu jiran sakamako ba a rasa yaro ko yarinyar da suka yi shekara uku suna zuwa atisaye ba fashi, ga shi sun kai ajin ƙarshe, amma sunansu bai fito a babbar tawaga ba. A nan ne kan iyaye da masu horarwa ke rabuwa: a bar su su buga a ƙaramar tawaga tare da ƙannensu, ko a sallame su? Idan kuna da ɗa ko ƙani da ke karatu a can, ko mai shirin tafiya, ga yadda lamarin yake.

Mece ce babbar tawaga, mece ce ƙarama?

Sakandare a Amurka galibi shekara huɗu ce, daga aji 9 zuwa aji 12, wato daga ɗan shekara 14 zuwa ɗan 18. Aji 12 shi ne daidai da SS3 a Najeriya. Makarantu na karawa da juna a ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafa, zari-ruga irin tasu, kokawa, tsere, ninƙaya da sauransu, kuma gasar kan kai har matakin jiha.

A kowane wasa makaranta kan kafa tawaga biyu. Babbar, wadda suke kira "varsity", ita ce ta gwanaye. Ita ke neman kofi, ita jama'ar gari ke cika fili domin kallo, musamman zari-ruga ta daren Juma'a. Ƙaramar kuwa suna kiranta JV. Tana da nata wasannin da wasu makarantu, amma 'yan kallo kaɗan ne, kuma yawanci ba ta shiga gasar cin kofin jiha. Manyan makarantu kan ƙara ta uku domin 'yan aji 9 zalla.

Kada ku ɗauka wasannin sakandare ƙaramin abu ne a can. Hukumar NFHS, wadda ta haɗa hukumomin wasannin sakandare na jihohi, ta ƙirga sama da mahalarta miliyan 8 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024.

Me ya sa aka kafa ƙaramar tawagar?

Domin reno. A nan ake gyara ɗan aji 9 ko 10 kafin ya kai ga babbar tawaga. Misalin da Amurkawa suka fi kawowa shi ne na Michael Jordan. A 1978, yana aji 10 a makarantar Laney da ke Wilmington a jihar Karolina ta Arewa, bai samu shiga babbar tawagar ƙwallon kwando ba, lokacin tsayinsa bai kai ƙafa shida ba. Aka sa shi a ƙarama, ya riƙa cin maki har 40 a wasu wasanni, shekara ta zagayo ya hau babba. Daga baya ya ci kofin NBA sau shida da Chicago Bulls.

Sai dai ku lura, Jordan yana da sauran shekara biyu a gabansa lokacin. Ɗan ajin ƙarshe ba shi da baɗi a makarantar. Wannan shi ne tushen gardamar gaba ɗaya.

Akwai dokar da ta hana?

Babu doka ɗaya da ta game ƙasar. Kowace jiha tana da hukumarta mai faɗin wanda ya cancanci buga wasa. Abin da aka fi samu shi ne ƙa'idar cewa ɗalibi yana da shekara huɗu kacal daga shigarsa aji 9, da iyakar shekaru wadda galibi 19 ce, da sharaɗin cin darussa. Game da ɗan ajin ƙarshe a ƙaramar tawaga kuwa, wasu rukunonin makarantu sun hana, wasu sun yarda, wurare da dama kuma an bar wa makaranta ko koci ya yanke. Har a makaranta ɗaya za ku iya tarar da kocin tsere ya yarda, na ƙwallon kwando ya ƙi.

Mece ce hujjar masu cewa a hana?

Hujjarsu ta farko ita ce gurbi. Mutum biyar ke shiga fili a ƙwallon kwando, tawagar kuma ba ta cika wuce 12 zuwa 15 ba. Duk mintin da ɗan ajin ƙarshe ya buga, an rage shi ne daga na ɗan aji 9 wanda makaranta za ta dogara da shi nan da shekara biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji su, kuma koci ba shi da lokacin ɓatawa.

Sai batun lafiyar jiki, kuma wannan hujja ce mai nauyi. A zari-ruga ana karo ne da ƙarfi. Saurayi ɗan 18 da ƙashinsa ya yi ƙwari, ko da bai iya wasa sosai ba, zai iya ji wa ɗan 14 ciwo. Akwai kuma ƙorafin abokan karawa, waɗanda ke ganin an tara musu manya ne domin a ci su.

Wasu na ƙarawa da cewa abin kunya ne ga yaron kansa ya sa riga ɗaya da ƙannensa. Wannan hujjar ba ta gamsar da ni ba. Shi ya san abin da zai ba shi kunya, a tambaye shi.

Masu cewa a bari fa?

Su tambayarsu ita ce: don wa aka yi wasan makaranta? Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ce kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan wasan sakandare ke samun tallafin karatu saboda wasa. Ke nan ga mafi yawan yara, gwani da wanda ba gwani ba, shekarar ƙarshe ita ce ƙarshen wasansu a tawaga mai koci da jadawali. Abin da suke tsira da shi motsa jiki ne, da abokai, da sabo da zuwa wuri a kan lokaci, da dalilin riƙe karatu tunda wanda ya faɗi darussa ba ya bugawa. Ɗan ajin ƙarshe yana da haƙƙin waɗannan kamar kowa.

Ku duba kuma abin da ke jiransa idan an hana shi. Ko dai a sallame shi, ko a ɗauke shi a babbar tawaga don kara, ya ƙare kakar yana zaman benci, sai an yi wa abokan karawa fintinkau a sa shi na minti biyu. Akwai yaran da wannan ya ishe su, domin suna son zama da sa'o'insu, suna son harafin makaranta da ake ba 'yan babbar tawaga su liƙa a riga, da daren karramawa da ake fito da 'yan ajin ƙarshe tare da iyayensu a wasan gida na ƙarshe. Akwai kuma waɗanda so suke su yi gumi a fili kawai. Waɗannan su ne dokar hani ke cuta.

Kada a manta da wanda ya fara wasa a makare, ko wanda rauni ya kwantar shekara guda, ko baƙon da ya zo daga wata ƙasa.

Ina gaskiyar take?

A ganina, hani na bai ɗaya kuskure ne, haka ma cewa dole a ɗauki kowa. Abin dubawa shi ne irin wasan da yawan gurbi. A gudun dogon zango, tsere da ninƙaya, makarantu da yawa ba sa korar kowa, kuma 'yan ajin ƙarshe na shiga tseren ƙaramar tawaga ba wanda ya damu, tunda gudun wani ba ya hana wani gudu. A kokawa nauyin jiki ake haɗawa, don haka tsoron babba ya danne ƙarami ya ragu. A ƙananan makarantun karkara ma neman 'yan wasa ake don a cika tawaga. A duk waɗannan wurare ban ga dalilin hanawa ba.

Inda gurbi ya yi kaɗan, kamar ƙwallon kwando a makaranta mai ɗalibai dubbai, koci na da gaskiya idan ya fifita ƙanana. Amma wajibinsa ne ya zaunar da yaron ya gaya masa matsayinsa ƙarara tun kafin a fara kaka. Yaron da ya ba tawaga shekara uku bai kamata ya ji labarin sallamarsa daga takardar da aka liƙa a bango ba.

Ya shafi yaranmu da ke zuwa can?

Ya shafe su. Shirin musayar ɗalibai na YES, wanda ya fara aiki a 2003, ya kai 'yan sakandare daga Najeriya, Ghana da Kamaru makarantun Amurka na shekara guda, ga kuma 'ya'yan iyalan da suka yi ƙaura. Jihohi da dama na taƙaita wa ɗalibin da ya sauya makaranta ko ya zo daga waje shiga babbar tawaga na wani lokaci. Idan irin wannan yaro yana aji 12, kuma makarantar ta hana 'yan ajin ƙarshe ƙaramar tawaga, to ƙofa biyu aka rufe masa, alhali fili ne wurin da baƙo ya fi saurin yin abokai.

Nawa ake kashewa?

Ya danganta da wurin. Makarantun gwamnati da yawa na karɓar kuɗin shiga wasa, daga 'yan daloli zuwa ɗaruruwa a kaka guda, kuma akan yafe wa marasa ƙarfi idan sun nema. A Kalifoniya kotun ƙolin jihar ta haramta irin wannan kuɗi tun 1984. Ban da shi akwai takalma, da gwajin lafiya da likita zai sa hannu kafin a fara atisaye. Inda ake biya, zaman benci ba ya rage ko sisi, don haka ku san abin da kuke biya wa.

Me za ku yi tun yanzu?

Kowace makaranta tana da daraktan wasanni, wato jami'in da ke kula da dukkan kociyoyi. Ku same shi kafin ranar gwaji, ku tambaya ko an yarda ɗan aji 12 ya buga a ƙaramar tawaga a wasan da yaronku ke so, kuma dokar ta jiha ce ko ta koci. Idan an ce a'a, ku tambayi wasannin da ba a korar kowa, da ƙungiyoyin unguwa da ke buga gasa a wajen makaranta. Sannan ku zauna da yaron ku ji ta bakinsa, ko ya fi son benci a babbar tawaga ko fili a ƙarama, kafin ku je ku yi magana a madadinsa.