Daga Allon Gobarau Zuwa Kwamfuta

Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, saura ce ta masallacin da ya zama matattarar ilmi a birnin Katsina. Kayan aikin malamin wancan zamani ba su da yawa: allon itace, da alƙalami, da tawada. Da su shi kansa ya yi karatu, saboda haka ba ya bukatar kowa ya nuna masa su.

Al'amari ya sake sa'ad da boko ya zo da babban allo da alli da taswira, watau kayan da malami bai tashi da su ba. Shi ya sa Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, da ajin malamai ya fara. Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922 ita ma don horon malamai aka kafa ta. Haka kuma cikin 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin malami ya ƙara ilmi yana bakin aikinsa.

Yau kwamfuta ce baƙuwar aji. Tun 2015 da ita ake rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Yaron da bai taɓa riƙe ta ba yana iya sanin amsa, lokaci ya ƙare masa yana neman harafi. In malaminsa na tsoronta, wa zai koya masa?

Kwas na kwana uku ba ya isa, gama waɗannan na'urori kullum sakewa suke yi. Maganin yana cikin al'adarmu. Malamin makarantar allo yakan biya wa yara da safe, sa'an nan ya ɗauki littafinsa ya tafi zauren babban malami a biya masa, kuma ba wanda ke ganin haka abin kunya ne. To, kamata ya yi kowace makaranta ta keɓe sa'a ɗaya a mako, wanda ya iya ya zauna da waɗanda ba su iya ba, su gwada da darasin da za su koyar gobe. Inda babu kwamfuta ko lantarki, sai a fara da wayar da ke aljihun malami. Kwalejojin horon malamai kuwa su riƙa kewaya tsofaffin ɗalibansu, su ga inda suka cije. Gemu ba ya hana neman ilmi.