Filin Musaya da Juyen Ƙwaƙwalwa a Kwamfuta: Bayani ga Manazarta Harshe

1.0 Gabatarwa

Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro a 1996 da hedikwata a Lafiya, matattara ce ta harsuna irin su Alago da Eggon da Gwandara da Mada. Manazarcin da ya naɗo muryoyin masu waɗannan harsuna yakan zuba su a kwamfuta domin ƙwanƙwance su da manhajoji kamar Praat da ELAN. Sau da yawa ana tsakiyar aiki sai na'urar ta yi nauyi, ko ta sandare, wahalar yini guda ta salwanta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abubuwa biyu da suka shafi wannan matsala, tare da raɗa musu suna da Hausa.

2.0 Filin Musaya

Kwamfuta tana da ma'aji iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda aka fi sani da ram, mai sauri amma ƙarama, kuma da zarar wuta ta ɗauke abin da ke cikinta ya tafi. Akwai kuma faifai, mai faɗi da riƙo, sai dai yana da nawa. Idan ram ta cika, ƙwayar babbar manhaja, wato sashen da ke raba wa sauran manhajoji ƙwaƙwalwa, takan kwashe abin da ba a bukata nan take ta kai shi wani keɓaɓɓen wuri a faifai, ta dawo da shi in an neme shi. Wannan wuri shi ne filin musaya. Haka mai doya yake yi a kasuwar Lafiya: ya kasa kaɗan a gaba, saura na cikin rumfa. An fifita "musaya" a kan "ajiya" domin kayan fita suke yi wasu na shigowa. Dabarar ta samo asali daga kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila, wadda ta fara aiki a 1962.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce a ware ninki biyu na ram. Wannan ya dace da zamanin da ake auna ram da megabayit, amma bin ta ido rufe a yau ɓarnar faifai ce. Kamfanin Red Hat ya ba da shawarar ninki biyu ga na'urar da ram ɗinta ba ta wuce gigabayit 2 ba, daidai wa daida daga 2 zuwa 8, sannan aƙalla gigabayit 4 ga wadda ta haura haka. Lissafin yakan sauya idan ana son na'urar ta riƙa yin dogon barci, wato ta kwashe aikin da ke buɗe ta kai faifai kafin ta mutu, abin da ke da amfani ƙwarai a garin da lantarki ke zuwa yana komawa. A nan gara filin ya kai girman ram, ko ya ɗara. Faɗaɗa shi dai ba ya ƙara sauri. Na'urar da ke yawan kai da komo tsakanin ma'ajin biyu, ƙarin ram take bukata.

3.0 Juyen Ƙwaƙwalwa

Idan ƙwayar ta gamu da kuskuren da ba za ta iya farfaɗowa daga gare shi ba, takan tsayar da komai, ta rubuta abin da ke cikin ram a faifai domin masu gyara su gano musabbabin. An zaɓi "juye" a nan, ba "juyi" ba, ko da yake malamai na kiran kwafin littafi juyi, saboda "juyin ƙwaƙwalwa" zai kai tunanin mai sauraro ga taɓin hankali.

Inda juyen ke sauka shi ya haɗa batun da filin musaya. A FreeBSD cikin filin ake zuba shi, sai manhajar savecore ta kwashe shi idan an sake kunna na'ura. A Windows ma ta cikin pagefile.sys yake bi, kuma cikakken juye yana bukatar girman ram da ƙarin megabayit 257, alhali ƙaramin juye kilobayit 256 ne kacal. Linux ta bi wata hanya daban tun 2005: tsarin kdump yakan keɓe wani yanki na ram ga ƙwaya ta biyu, wadda ke tashi idan ta farko ta durƙushe, ta rubuta juyen kai tsaye a faifai. Don haka mai Linux ba sai ya faɗaɗa filin musaya saboda juye ba.

Ɗaukewar wuta ba durƙushewar ƙwaya ba ce, kuma ba ta barin juye. Haka nan juyen bai dawo wa manazarci da aikin da bai adana ba. Hasali ma yana iya ƙunsar kalmomin sirri da sunayen mutanen da aka yi hira da su, saboda haka a san wanda za a miƙa wa shi a shagon gyara.