Kada Hoton Tsoho Ya Ruɓe A Ƙasan Akwati

A daminar da ta wuce na buɗe akwatin marigayi mahaifina ina neman wata takarda, sai na ci karo da hoton da ya ɗauka a Kumasi kafin ya tafi aikin hajji. Laima ta cinye rabin fuskar. Shi kaɗai ne hotonsa da muke da shi, jikokinsa kuwa ba su san shi ba. Na tabbata gidaje da yawa a Zango haka abin yake. To, mai karatu, yin firam bai fi ƙarfinka ba.

Da fari sai katako. Ka je wurin kafintoci ka nemi ragowar yanka, ba sai ka sayi babban falanki ba. Wawa yana da taushi da sauƙin yanka, sai dai ƙwari na son sa. Odum yana da tauri, gara ba ta cika taɓa shi ba, amma zai wahalar da zartonka. Ko wanne ka zaɓa, ya zama busasshe. Ɗanyen katako yana tsukewa, da hunturu ya shigo sai ka ga kusurwoyin sun buɗe baki.

Firam yana bukatar tsagi ta baya inda gilashi da hoto za su zauna. Ba sai da inji ba. Ka sami sillen katako biyu, ɗaya mai faɗin inci 1 da rabi, ɗayan inci 1 da kwata. Manna ƙaramin a bayan babban da gam, gefensu na waje daidai. Kwatan incin da ya rage daga ciki shi ne tsagin.

A wurin yanka aka fi yin ɓarna. Kowane baki a yanke shi a karkace, digiri 45. In ba ka da ma'auni, ninke takarda mai kusurwa huɗu daidai daga kusurwa zuwa kusurwa, ka ja layi da ita. A cikin tsagin ake awo, kuma a ƙara kashi 1 cikin 8 na inci a kan tsawo da faɗin hoton, don gilashi ya shiga ba tilas. Dogayen biyu su zo daidai, gajerun ma haka.

Shafa gam, haɗa huɗun a kan tebur, ka zagaye su da igiya ka ɗaure tamau, da guntun kwali a kowace kusurwa don kada igiyar ta ci katakon. Auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta, sannan ɗaya ɓangaren. In awon bai zo ɗaya ba, firam ya karkace, gyara kafin gam ya kama. Bar shi ya kwana. Washegari a buga ƙananan ƙusoshi, a goge, a shafa fenti.

Ga abin da ya fi kome: kada hoto ya taɓa gilashi. Laima kan manne su, ranar da aka zo rabawa fuskar ta bi gilashin. Yanke wa farin kwali taga ka sa tsakaninsu. Kada kuma a rataye shi a bangon da ke jiƙa ko inda rana ke duka.

Kafin ka rufe bayan, rubuta sunan mai hoton da garinsu na asali da shekara, da fensir. Wata rana wani jika zai yi maka addu'a.