Tafin Hannu da Tafin Ƙafa a Tudun Kaya

In ka gaisa da manomi a Tudun Kaya, tafin hannunsa zai gaya maka watan da ake ciki. Da damina ƙotar fartanya ta sa shi ya yi kanta. Da hunturu, lokacin saran rake da sussukar dawa, fatar ta bushe ta tsattsage. Garin yana ƙaramar hukumar Karaye, maƙwabciyar Rogo, ƙasar masara da rake da fadama. Masunta da masu noman rani na bakin madatsar ruwan Challawa, wadda aka kammala a 1992, su kam ko da rani ƙafarsu ba ta rabuwa da laka.

A nan ba a lissafa faso cikin cututtuka. "Ai na aiki ne," haka za a ce maka, har da ɗan alfahari. Da gaskiyarsu, amma akwai dalilin da ya sa ya fi son dunduniya. Tafin hannu da na ƙafa ba su da ƙofofin maiƙo irin na sauran jiki, sai na gumi. Fatar wurin ga kauri, ga nauyin jiki a kanta. Iskar hunturu ta kwashe ɗan danshin da ya rage, silifas ya bar dunduniya a buɗe, sai kaushi ya dare kamar gindin fadama a bazara. Mata sun fi sanin maganinsa: a jiƙa ƙafa da ruwan ɗumi, a goge da dutse, a shafa man kaɗe ko basilin, a kwana da safa. Wannan ba ya nesa da abin da likitan fata zai ce. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne baƙin man inji da samari ke tsiyayawa a ciki, ko aske kaushi da reza har jini ya fito. (Abin mamaki, sinadarin yuriya da ke buhun taki shi ne a cikin man da ake rubutawa don tausasa kaushi. Amma na buhu na gona ne, kada wani ya gwada.)

Damina kuma da nata. Cin ruwa yakan fara daga tsakanin ƙananan yatsun ƙafa, ya yi fari, ya yi ƙaiƙayi. Dangin makero ne, ɗumi da danshi yake so, shi ya sa takalmin roba da aka wuni da shi ya zama gidansa. A nan kuɗi ke tafiya a banza. Mutum ya shiga kyamis, a miƙo masa man shafawa mai haɗi uku, ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu, ya ɗauka ya warke. Ashe maganin kumburin da ke ciki rufe ciwon ya yi, ƙwayar tana ƙara yaɗuwa. Tsohon man Whitfield mai araha ya fi masa amfani, in zai jure shafawa na makonni ya riƙa tsane tsakanin yatsunsa bayan alwala.

Hannu ma da nasa: na birkila siminti ke cinye shi, na amarya kuma wani lokaci baƙin lalle da aka haɗa da rinin gashi, ya tashi ƙuraje daidai zanen. Lallen gargajiya da wuya ya yi haka.

Duk waɗannan suna da zafi ko ƙaiƙayi, mai su ba ya zama. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya zafi. Dattijo ya taka ƙaya ko ya ƙona yatsa a garwashi bai ji ba, gyambo ya buɗe a tafin ƙafa, ana ta sa masa garin magani wata da watanni ana cewa faso ne ya yi zurfi. Sau da yawa ciwon suga ne ya kashe jijiyoyin ƙafar, wani lokaci kuma kuturta ce, wadda mutane ke zaton ta tafi da kakanni. Ba ta tafi ba, har yanzu ana samun sababbin masu ita a Najeriya kowace shekara. Ba ita ke cin yatsu da kanta ba, rashin jin zafi ne ke sa rauni ya hau kan rauni. Maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, ana shan sa wata 6 ko wata 12, kuma da an fara sha mai ita ya daina yaɗa ta. Kunya ce ke riƙe mutane a ɗaki, musamman gidan da ke da 'ya'ya mata a bakin aure.

Gwajin farko ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikacin lafiya zai ce, "Baba, rufe idonka," ya taɓa tafin ƙafa da bakin biro ko zaren gwaji, ya ce a nuna inda aka ji. In an rasa wuri, sai a auna suga a asibitin Karaye ko na Rogo, in kuma akwai tabon da ya koɗe ba ya jin taɓi, a tura mai shi asibitin Yadakunya da ke wajen Kano.