Kwana Shida Babu Bakanike

A ƙauyen nan da wuya ka shiga zaure ka rasa babur a jingine. Shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Yawancin baburan Boxer ne na kamfanin Bajaj na Indiya, sai tsofaffin Jincheng 'yan China. Wasu sun shigo ne bayan gwamnatin Kano ta hana acaɓa a birni a watan Janairun 2013, lokacin da samari suka tattaro suka dawo gida. Amma duk yawan baburan nan bakanike ɗaya ne, shi ma ba ɗan garin ba ne. Ranar kasuwa kawai yake zuwa, ya baje sufanu a kan buhu a gindin darbejiya. Sauran kwana shida kowa shi ne bakaniken kansa.

Ban ga laifinsu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tura babur zuwa gari ko ɗora shi a mota ya zama kashe kuɗin da manomi ba shi da shi. Abin da ke damuna shi ne ɓarnar da ake yi ba daga manyan ayyuka take fitowa ba. Daga ƙananan abubuwa ne, waɗanda da an nuna wa mutum sau ɗaya da ya tsira.

Juyen baƙin mai, alal misali. Notin da ke ƙasan inji ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyam ne mai laushi. Mutum yana tsoron yoyo, sai ya ɗaure, ya ƙara ɗaurewa, har ya sa ƙafa a kan sufana. Can sai ya ji notin ya saki yana juyawa haka kawai: zaren ya cinye. Sai a naɗa masa leda a cusa. Man da ke ciki kusan lita ɗaya ne kacal, kuma shi ke shayar da fistin da giya da kulocin gaba ɗaya. In ya tsiyaye a hanyar gona, ba a yin nisa inji zai buga. Haka fulogi yake. Wanda ya sani da yatsa yake fara murza shi har ya zauna, sannan ya kawo sufana. Wanda bai sani ba da sufana yake farawa, fulogin ya shiga a karkace, ya tafi da zaren kan inji.

Sai soson iska. Da hunturu ya kankama, ƙura kan toshe shi, babur ya riƙa shaƙewa yana shan mai. Wani sai ya zare soson ya yar, ya ji babur ya buɗe murya, ya ɗauka ya yi gyara. Daga ranar nan yashi ke shiga kai tsaye yana cin ringi da bulo. Kafin damina salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Wankewa kawai soson ke so, a shanya, a ɗan shafa masa mai a mayar.

Na ga wani dattijo ya turo babur ɗinsa gindin darbejiya, ɗansa na biye da kwano cike da notuna. Yaron ne ya kwance kan injin don ya canza ringi, ya mayar, ya buga kik sau ɗaya, aka ji ƙwas. Bakaniken ya buɗe, ya ɗago bawul ɗin da ya lanƙwashe ya nuna wa dattijon.

"Baba, ba ringin ba ne. Taimin ne bai zauna ba, fistin ya daki bawul."

"To Malam, yanzu nawa zai ci?"

Da ya faɗi kuɗin, dattijon ya yi shiru, ya dubi ɗansa. Bakaniken bai yi wa yaron faɗa ba. Ya ce, "Matso nan, ƙanena." Ya juya magneto a hankali har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji, ya nuna masa alamar da ke kan haƙorin sama, ya sa shi ya ɗora sarƙar taimin da hannunsa. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin akwai masu sana'ar da ke juya wa mai babur baya in sun zo daidai wurin nan.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wankin kafireto. Da rana ana gona, saboda haka da daddare ake yi, a zuba fetur a gwangwani, a zauna kusa da aci-bal-bal ko murhu. Tururin fetur nauyi gare shi, ƙasa yake bi, ba sai ruwan ya taɓa wuta ba kafin ta tashi. A garin akwai saurayin da tabon ƙuna ya rufe masa hannun dama daga wuyan hannu har gwiwa, kuma rumfar gidansu ta tafi a daren. Bakaniken yana yawan faɗa musu su bari sai gari ya waye, su yi a fili, su hura jet ɗin da baki ko da famfon taya, kada su zura masa waya, don waya na buɗa ramin, babur ya koma shan mai fiye da da. Wasu sun ji. Wasu kuwa asubar fari za su fita da kaya, babur kuma ya ƙi tashi tun magariba.