Kifin da ake kamawa a maida shi ruwa: labari daga ƙasar Mongoliya

A wanga wata mun kawo muku labarin wani irin su da za ku ji kamar tatsuniya, amma gaskiya ne. Mutum shi baro gidanshi a Amurka ko Faransa, shi biya jirgin sama, shi yi kwana bakwai bakin gulbi cikin ɗari, shi kama kifin da tsawonshi ya kai ƙirjin mutum, kana shi maida shi ruwa da hannunshi, shi koma gida da hoto kaɗai. Masunci in ya ji haka sai shi ce: wanga ko lafiyarshi ƙalau? To, ku saurara ku ji dalili, don abin ya shafi ran wani babban kifi da ke neman ƙarewa, ya kuma shafi makiyayan da ke zaune bakin ruwanshi.

Ina ne Mongoliya?

Mongoliya ƙasa ce a yankin Asiya, tsakanin Rasha da Sin. Babban birninta Ulan Bato. Kamar Nijar take, ba ta da teku, kudancinta hamada ne, har ta ɗan fi Nijar faɗi. Mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, amma a ƙidayar shekarar 2019 bisashensu sun kai wajen miliyan 70: tumaki da awaki da shanu da dawaki da raƙuma. Makiyayansu na zama cikin zagayayyen tanti na gashin tumaki, suna tashi da shi in ciyawa ta ƙare.

Arewacin ƙasar duwatsu ne da kurmi. Can ne gulabe masu ruwa garai-garai mai sanyi ke gangarowa. Akwai gulbin Eg, wanda ke fita daga tafkin Hobsogol. Akwai gulbin Ur, wanda ke zuba cikin Eg. Ruwansu na tafiya cikin gulbin Selenge har tafkin Baikal na ƙasar Rasha. Wajen gabas kuma akwai gulbin Onon. Lokacin ɗari ruwan waɗanga gulabe na daskarewa shi zama ƙanƙara har wata biyar, mutum shi bi samanshi da doki.

Wane kifi ne?

Mutanen Mongoliya na ce mishi tul, Turawa na ce mishi taiman. Kanshi kore ne mai duhu da ɗigo-ɗigo baƙi, wutsiyarshi ja. Dogo ne, ba shi da faɗin giwan ruwa, amma wajen nauyi babbanshi na iya tarad da ita. Mafi girma da anka rubuta labarinshi an kama shi a 1943 cikin gulbin Kotuyi na Rasha: tsawonshi santimita 210, nauyinshi kilo 105. Yanzu wanda ya kama mai santimita 150 ya yi babbar sa'a.

Tul mafarauci ne. Shina cin ƙananan kifaye, amma bai tsaya nan ba. Ɓera ko kurege in ya shiga ruwa za shi ƙetare, ko ɗan agwagwa ya yi nesa da uwa tai, sai tul shi taso daga ƙasa shi haɗiye shi. Don haka anka yi mishi laƙabi da kyarkecin gulbi.

Me ya sa shike ƙarewa?

Babban dalili shi ne jinkirin girma. Tul ba shi fara zuba ƙwai sai ya shekara 5 zuwa 7. Shina iya rayuwa shekara 30, har fiye. Ke nan wanda ya kashe babban tul ya ci abin da gulbi ya yi shekaru da yawa shina reno, kuma manyan mata su ne sunka fi zuba ƙwai. Ban da haka, da yake shi ne mai cin sauran, ba shi da yawa ko a gulbi mai lafiya. Mutum goma da taru na iya share manyan wuri guda cikin ƴan kwanaki.

Tun kaka da kakanni makiyayan Mongoliya ba su damu da cin kifi ba, nama da nono ne abincinsu. Da yawa cikinsu na ɗauka gulbi na da masu shi, ba a taɓa abin da ke ciki da wasa. Wanga hali ya tsare tul shekaru aru-aru, alhali a wurare da dama na Rasha da Sin an rage shi ƙwarai.

A 1990 mulkin kwaminis ya faɗi, ƙasar ta buɗe ƙofa. Mutanen birni sunka samu motoci masu shiga daji. Baƙi sunka zo suna kashe manyan kifaye don su busar da kai su rataye a ɗaki. Waɗansu na kafa taru, waɗansu na fasa ƙanƙara lokacin ɗari su kama kifin inda ya taru cikin gurbi mai zurfi. Masu haƙar zinariya kuma na gurɓata ruwa da laka, ita ko laka tana rufe tsakuwar da tul ke zuba ƙwai cikinta. A 2012 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun duniya, ta sa tul cikin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa.

Yadda ake wanga su

Cikin shekarun 1990 waɗansu kamfanoni sunka kafa zango bakin Eg da Ur don masu fatsar wasa, da sharaɗi guda: duk tul da anka kama sai a maida shi ruwa da rai. Daga baya dokar ƙasa ta hana kashe shi. Baƙo sai da takardar izni shike fatsa. Ba a buɗewa sai tsakiyar watan Yuni, bayan kifi ya gama zuba ƙwai, a ci gaba har wajen Oktoba da ƙanƙara ke kusa.

Maida kifi ruwa na da ƙa'ida, don in an yi ganganci sai shi tafi shi mutu can gaba. Ga yadda ake yi:

Na ɗaya, ƙugiya guda ɗaya tak, kuma sai an danne ƴar ƙayar nan da ke bakinta mai hana ta fita. Ta haka ake zare ta da awartaki ba tare da an yaga bakin kifi ba.

Na biyu, ba a sa tana ko ɗan kifi mai rai, don kifi na haɗiye su har ciki. Ana ɗaura gashin tsuntsu da gashin dabba bisa ƙugiya, a yi shi kamar ɓera ko ƙaramin kifi, a jefa, a riƙa ja bisa ruwa. Sau da yawa ƙugiyar a leɓe take kamawa.

Na uku, ana sa igiya mai ƙarfi don a jawo shi da wuri. Kifin da ya daɗe shina kokawa na galabaita, kamar dokin da anka yi sukuwa da shi har ya kasa.

Na huɗu, ba a jawo shi bisa tsakuwa. Ana tare shi da babbar koma mai laushi cikin ruwa. Mai taɓa shi sai ya jiƙa hannu, don yauƙin jikin kifi shi ne rigarshi mai tsare shi daga cuta. Ba a cusa yatsa cikin jan naman da ke ƙarƙashin kunnenshi, wanda shike numfashi da shi. Ba a rataye shi da kai sama, don nauyinshi na iya lahanta shi.

Na biyar, a auna tsawo, a ɗaga shi kaɗan a ɗauki hoto, nan da nan a maida shi. Sai a riƙe shi a hankali, kanshi na duban inda ruwa ke fitowa, har ƙarfi shi komo mishi, shi kaɗa wutsiya shi tafi da kanshi.

Masu bincike na jami'o'in Amurka da na Mongoliya sun laƙa ma waɗansu tul alama, waɗansu kuma ƴar na'ura mai nuna inda suke. Sun tarar mafi yawan waɗanda anka saki bisa ƙa'ida na rayuwa, har ana sake kama waɗansu. Binciken da anka buga a 2010 ya nuna tul guda na yawo cikin wajen kilomita 23 na gulbi, wani ma har kilomita 90. Ke nan tsaron gurbi guda bai isa ba. In gari ɗaya ya tsare, na gaba ya kafa taru, aikin banza anka yi.

Wa ke cin amfanin?

Baƙo guda na biyan dubban daloli a mako. Dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. In an juya, abin na wuce miliyan 3 na sefa. Kifin nan da a ce an kashe shi, sau ɗaya za a saida namanshi. Da rai ko, wani na kama shi bana, wani shi biya shi zo shi kama shi baɗi.

Daga cikin waɗanga kuɗɗi ake biyan ƴan ƙasa masu tuƙa jirgi da masu nuna hanya da masu dafa abinci. Ana sayen nama da nono wajen makiyaya. Ana kuma taimaka ma masu gadi da ke yawo bakin gulbi don hana ɓarayin kifi. Bakin gulbin Ur akwai wani gidan ibada na addinin Buda mai suna Dayan Derhe, wanda anka rushe cikin shekarun 1930. Cikin shekarun 2000 anka sake gina shi da taimakon masu son tsaron gulbin, malaman wurin kuma sunka riƙa yi ma jama'a gargaɗi kan kashe tul. Maganar nasu ta fi shiga kunne bisa ta baƙo.

Abin da masu suka ke cewa

Ba kowa ya yarda da wanga wasa ba. Waɗansu na cewa wahalad da dabba ne don jin daɗin mai kuɗɗi. A ƙasar Suwis ma doka ta hana mutum shi yi fatsa da niyyar sakin abin da ya kama. Kuma ko an bi ƙa'ida, kaɗan cikin kifayen na mutuwa, balle in ruwa ya yi ɗumi.

Akwai kuma maganar rabo, wadda ta fi nauyi. In kamfani ya kwashe riba ya kai birni ko waje, makiyayin da ke bakin gulbi bai ga komi ba, me za shi sa shi kori mai taru? Gulbi na da tsawo, masu gadi kaɗan ne. Idon da ke ganin motar ɓarawo cikin dare na makiyayi ne. In shina da rabo za shi faɗi, in babu sai shi ja bakinshi. Sa'annan fatsar wasa ba ta hana lakar masu zinariya, ba ta kuma hana babbar madatsar ruwa da anka daɗe ana shawarar ginawa bisa gulbin Eg, wadda za ta tare ma tul hanya.

Duk da haka, har yanzu Mongoliya na cikin wuraren da sunka fi sauran duniya manyan tul. Kowane makiyayi ya san lissafin: saniya mai ba da nono kullum ta fi naman yini guda. Baƙi masu fatsa sun ga haka ga kifi, dokar ƙasa ta bi bayansu. Abin da ya rage shi ne nonon shi kai ga masu zama bakin gulbi, don su ne za su kwana da tul bayan baƙo ya hau jirgi ya tafi.