Masu Cin Abinci da Ƙwanji

Ranar 14 ga Satumba 1901, babban zauren taro na Royal Albert da ke Landan ya cika ya batse, har aka mayar da wasu gida don rashin wurin zama. Ba dambe aka zo kallo ba, ba kokawa ba. Ƙarti ne suka jeru a kan dandamali, kowa ya tuɓe riga, yana murɗa ƙwanji yana juyawa gaba da baya, alƙalai uku suna duba wanda jikinsa ya fi tsari. Ɗaya daga cikin alƙalan shi ne Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, wanda asalinsa likita ne. Wanda ya shirya taron kuwa, kuma ya zauna cikin alƙalai, wani Bajamushe ne mai suna Eugen Sandow. Daga wannan dare ake ƙirga tarihin gasar gina jiki ta zamani.

Sunansa na yanka Friedrich Müller, an haife shi a 1867 a garin Konigsberg. Ya bar gida yana matashi, ya shiga ayarin masu wasan nuna ƙarfi da ke yawo gari-gari a Turai, suna ɗaga ƙarfe suna tsinka sarƙa, 'yan kallo suna biya. A 1893 wani mai shirya wasanni, Florenz Ziegfeld, ya kai shi babban bajekolin Chicago a Amurka. A can aka gano wani abu da ya sauya sana'ar baki ɗaya: jama'a ba su damu sosai da nauyin da yake ɗagawa ba, jikin nasa suke son gani. Sandow bai yi barci a kan wannan ba. Ya koma Landan ya buɗe makarantar horar da jiki a 1897, ya fara buga mujalla a shekarar da ta biyo baya, ya rubuta littattafai, ya sayar da ƙarafan motsa jiki masu ɗauke da sunansa, har da garin koko. A 1911 Sarki George na Biyar ya naɗa shi malaminsa na horon jiki.

Duk wanda ya fahimci Sandow ya fahimci rabin wannan sana'a. Jiki allon talla ne. Abin sayarwa yana cikin shago. Sama da shekara ɗari ke nan, ba a sauka daga kan wannan turba ba.

Akwai kuma labarin da kusan kowane babba a fagen yake bayarwa game da ƙuruciyarsa: "Da ni ma kamarka nake." Wanda ya fi kowa cin moriyarsa shi ne Angelo Siciliano, ɗan ƙauyen kudancin Italiya da aka kai unguwar Brooklyn ta New York yana yaro, ya sauya suna ya koma Charles Atlas. Tallarsa ta shekara da shekaru a bayan mujallun zane na yara: wani siririn saurayi yana zaune bakin teku da budurwarsa, wani ƙato ya watsa masa yashi a fuska, ya koma gida cikin takaici, ya aika a kawo masa darasin Atlas ta gidan waya, ya dawo ya rama. Darasin ba ya buƙatar ƙarfe ko kaɗan, tsoka ce ake gwarawa da tsoka. Amma ba Atlas ne ya tsara tallar ba. Wani matashi mai sana'ar talla, Charles Roman, shi ya riƙe wannan ɓangaren tun daga ƙarshen shekarun 1920, kuma da shigowarsa kasuwar ta buɗe.

Jack LaLanne, wanda aka haifa a San Francisco a 1914, ya ce shi yaro ne mai yawan laulayi da kwaɗayin zaƙi, har sai da ya saurari laccar wani mai wa'azin cin abinci mai kyau yana ɗan shekara 15. Joseph Pilates ma, Bajamushen da salon motsa jikinsa ya cika duniya a yau, ya ce da ciwon asma ya tashi. Ya inganta dabarunsa ne a sansanin da Ingila ta tsare Jamusawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin ya buɗe wurin horo a New York. Ba lallai ne labaran nan su zama ƙarya ba. Sai dai mai karatu ya lura cewa labarin ramamme da ya zama ƙato ya fi kowace takardar shaida jawo masu saye, domin wanda aka haifa da ƙarfi ba shi da abin koya wa rago.

A cikinsu LaLanne ne ya fi cancanta a kira shi mai horarwa na gaskiya. Ya yi karatun gyaran ƙashin baya, ya buɗe gidan motsa jiki a Oakland a 1936, a zamanin da likitoci da yawa ke gargaɗin cewa ɗaga ƙarfe yana sandarar da jiki. Daga 1951 zuwa 1985 yana fitowa a talabijin, kayan aikinsa kujera da tawul, masu kallonsa galibi matan aure da ke gida da hantsi. Da ya cika shekara 70, ya yi iyo a tashar jiragen ruwa ta Long Beach hannu da ƙafa a ɗaure, yana jan kwale-kwale 70. Ya rasu a 2011 yana da shekara 96.

Wanda ya mayar da gina jiki masana'anta kuwa Joe Weider ne, ɗan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Poland zuwa Montreal ta Kanada. Ya bar makaranta da wuri yana aikin kai kaya, ya fara buga 'yar mujallarsa a 1940. Shi da ƙanensa Ben suka kafa ƙungiyar masu gina jiki ta IFBB a 1946, sannan a 1965 ya ƙirƙiro gasar Mista Olimpiya, wadda har gobe ita ce ƙololuwar fagen. Dubi yadda ya haɗa igiyar: gasa tasa, mujalla tasa, garin furotin da ake talla a cikin mujallar nasa, zakarun da ke riƙe da gwangwanin a hoto kuma shi ke ba su kwantiragi. Zakaran farko, Larry Scott, dala 1,000 aka ba shi.

Wannan adadi shi ke bayyana dalilin da ya sa tarihin zakarun ya cika da wasu sana'o'i na daban. Sergio Oliva ɗan Kyuba ne, mai ɗaga ƙarfe a tawagar ƙasarsa, ya sulale ya nemi mafaka lokacin wata gasa a Jamaika a 1962; ya ci Olimpiya sau uku a jere daga 1967, ya kuma yi shekaru yana aikin ɗan sanda a Chicago. Franco Columbu makiyayi ne daga tsibirin Sardiniya, ya taɓa dambe. Shi da amininsa Arnold Schwarzenegger, ɗan wani ɗan sanda daga ƙauyen Thal na Ostiriya, da suka isa Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1960, aikin birkila suka kama suna gina katanga, da safe da yamma suna wurin ƙarfe. Schwarzenegger ya ci Olimpiya sau bakwai, fim ɗin Pumping Iron na 1977 ya fito da shi idon duniya, ya zama tauraron fina-finai, ya zama gwamnan Kalifoniya daga 2003 zuwa 2011. Shi ne misalin da kowa ke kawowa, kuma shi ne misalin da ya fi yaudarar matasa, don ba a sake yin irinsa ba.

Ronnie Coleman ya fi kusa da yadda abin yake. Yana da digiri a fannin akanta daga Jami'ar Grambling ta jihar Louisiana, bai sami aikin ofis ba, ya yi aiki a shagon pizza, daga baya ya shiga ɗan sanda a Arlington ta Texas. Yana sanye da kaki ya fara cin Olimpiya a 1998, ya riƙe kambun shekara takwas a jere, ya kamo tarihin da tsohon zakara Lee Haney ya kafa. Mamdouh Elssbiay, wanda ake kira Big Ramy, masunci ne ɗan masunta daga Baltim a gaɓar tekun Masar. Neman abinci ya kai shi Kuwait, inda ya faɗa wani gidan motsa jiki, ya zama zakara a 2020 da 2021. A 2024 kambun ya faɗo hannun Samson Dauda, haifaffen Legas da ya koma Ingila yana matashi, ya buga wasan rugby, ya yi aikin gini. Shi dala 600,000 ya karɓa. Kuɗin ya ƙaru, amma na mutum ɗaya ne a shekara. Dubban da ke ƙasa da shi suna biyan kuɗin abinci da tafiya da rajista daga aljihunsu, suna mayar da gurbi ta hanyar horar da wasu.

Akwai abin da ba a son faɗa da ƙarfi a wannan fage, wato magungunan ƙara tsoka da ake kira sitiroyid. An fito da Dianabol kasuwa a Amurka a 1958, nan da nan ya shiga hannun masu ɗaga ƙarfe. Schwarzenegger da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da su a zamanin da doka ba ta hana ba. Sai a 1990 Amurka ta sanya su cikin jerin ƙwayoyin da ake tsananta sa ido a kansu. Suna gina tsoka, babu musu. Suna kuma kumbura zuciya, su lalata hanta, su hau da jini, su rage maniyyi. Ko ba magani, nauyin kansa yana karɓar harajinsa: Coleman, wanda aka ɗauka a bidiyo yana tsugunawa da ƙarfe mai nauyin kilo 360 da 'yan kai a kafaɗa, an yi masa tiyata fiye da goma a baya da ƙugu, ya koma tafiya da sanduna da keken guragu. Matsalar da ta shafi mai neman koci ita ce, jikin da yake gani a hoto sau da yawa ba tsarin da ake sayar masa ne ya gina shi ba. Gado ne, da shekaru goma na wahala, da abin da ba a rubuta a takardar ba.

Mai horarwa na yau da kullum, wanda ke tsaye a gidan motsa jiki yana ƙirga wa mutane, ta wata ƙofa ya shigo. A 1968 wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya buga littafi mai suna Aerobics, ya nuna cewa gudu da iyo da tuƙa keke suna kare zuciya. Motsa jiki ya tashi daga harkar ƙarti ya zama harkar lafiya. A 1982 kaset ɗin bidiyo na 'yar fim Jane Fonda ya shigar da shi falon miliyoyin mata. Buƙata ta yi yawa, masu koyarwa suka yi kaɗan, kowa ya zama malami, raunuka suka biyo baya. Daga nan ƙungiyoyin ba da takardar shaida suka yawaita: ACSM, wadda ke nan tun 1954, da NSCA ta 1978, da ACE ta 1985, da NASM ta 1987. Ana karanta tsarin ƙashi da tsoka, da yadda ake tsara horo mataki-mataki, da taimakon gaggawa idan zuciya ta tsaya, sannan a zauna jarrabawa.

Amma takardar ba lasisi ba ce irin ta likita ko nas. A yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana mutum ya wayi gari ya kira kansa koci. Shi ya sa a ƙarƙashin suna ɗaya za ka tarar da mai digiri a kimiyyar wasanni, da tsohon soja, da ɗan ƙwallon da gwiwa ta hana shi ci gaba, da matar da ta rage ƙiba bayan haihuwa ƙawaye suka fara tambayarta sirrin, da wanda ya yi kwas na mako biyu a intanet. Aikin ma ba yadda ake zato yake ba. Kwastomomi kafin ofis suke zuwa ko bayan an tashi, saboda haka koci yana bakin aiki tun asuba, ya yi zaman jira da rana, ya dawo da magariba. Awa-awa ake biyansa, gidan ya cire kasonsa. Gwanin cikinsu ba ƙwanjinsa za ka duba ba. Ka ga ko ya tambayi dattijon da ke gabansa game da hawan jini da ciwon baya kafin ya miƙa masa ƙarfe, ka ga ko ya san inda iliminsa ya ƙare ya ce a je a ga likita.

Na baya-bayan nan su ne masu kiran kansu kocin rayuwa, waɗanda ba su tsaya ga tsoka ba, sun haɗa da barci da abinci da tsara lokaci da buri. Kalmar daga filin wasa aka aro ta. Littafin wani kocin tanis, Timothy Gallwey, na 1974, wanda ya ce babban abokin karawar ɗan wasa yana cikin kansa, ya taimaka wajen kai ta ofisoshin kamfanoni. Wanda ya ba sana'ar tsari kuwa, Thomas Leonard, mai ba da shawara kan harkar kuɗi ne, wanda ya lura masu zuwa wurinsa ba lissafi kaɗai ke damunsu ba. Shi ya assasa ƙungiyar irin waɗannan kociyoyi, ICF, a 1995. A nan ƙofar ta fi ta ko'ina faɗi, kuma a nan haɗarin ya fi, domin tsakanin mai neman ƙwarin gwiwa da mai fama da ciwon damuwa tazarar ba ta da yawa, kocin da bai karanci lafiyar ƙwaƙwalwa ba kuwa ba lallai ya bambance su ba.

Wayar hannu ta rushe sauran shingen. Kayla Itsines, mai horar da mata a birnin Adelaide na Ostareliya, ta fara da sanya hotunan kwastomominta a Instagram, na kafin horo da na bayansa; ta sayar da tsarin mako 12 a matsayin littafin intanet, daga baya ya zama manhajar Sweat. Joe Wicks na Ingila ya taɓa zama mataimakin malami a makaranta, ya koma raba takardun talla a bakin tashar jirgin ƙasa yana neman masu zuwa horonsa na filin shaƙatawa, wata rana ba wanda ke zuwa. Da annobar korona ta rufe makarantu a Maris 2020, ya fara darasin motsa jiki na yara kai tsaye a YouTube daga falon gidansa, a ranakun aiki ƙarfe tara na safe. A rana ta biyu, sama da na'urori 950,000 ne suka kama shi a lokaci guda.